Babur ɗin lantarki a kan bashi: yadda na ga tsarin bayan na shiga cikinsa

Jama'a tun da na fara hawa babur ɗin lantarki tambayar da aka fi yi min ba wai gudunsa ko ƙarfinsa ba ce, a'a, kowa cewa yake "ya ka yi ka saya, kuma bashin nan da ake bayarwa a wajen dila yana da kyau ko tarko ne?" To ni dai ta wannan hanyar na mallaki nawa, kamfanin ba da rance ne da ke aiki tare da dilan ya biya kuɗin, ni kuma ina biyansu wata-wata, kuma na yi nisa a biyan har na ga daɗinsa na ga wuyarsa. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don abin da zan faɗa kusan duk masu irin wannan harkar haka suke yi, in ka gane tsarin ɗaya ka gane sauran.

Gaskiya ta fannin sauri ba ni da abin cewa sai yabo. Ka kawo katin shaida, ka kawo bayanan shige da ficen asusunka na 'yan watanni, ka kawo wanda zai tsaya maka, ka ajiye kuɗin kafin alƙalami, shikenan, ba a yi min je-ka-ka-dawo ba, kuma yarinyar da ta karɓi takarduna ta san aikinta, ta kira ni a waya da kanta ta ce an amince. Wanda ya taɓa neman rance a inda za a ce ka kawo takardar fili ko ta gida ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Dalilin sauƙin kuwa shi ne babur ɗin kansa shi ne jinginar, sunan kamfanin yana kan takardunsa har sai ka gama biya, in ka gaza su ɗauke kayansu.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ban ji daɗinsa ba tun farko shi ne yadda ake faɗin kuɗin ruwa. Duk wanda ka tambaya a ofishin abu ɗaya yake nuna maka, wato abin da za ka riƙa biya duk wata, "ai ɗan kaɗan ne, kuɗin man da kake sha ma ya fi shi", babu mai son ya haɗa maka jimla. Kuma akwai hanyoyi biyu na lissafin ruwa da suke kama da juna a baki amma a aljihu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ake ɗora ruwan a kan asalin kuɗin da ka ranta tun daga watan farko har na ƙarshe, ko da ka biya rabi ana ci gaba da lissafa maka ruwa kamar ba ka biya komai ba. Akwai kuma wanda ruwan ke bin ragowar bashin, kana biya yana raguwa. Bari in ba ku misali da lissafi mai sauƙi, mu ce ka ranci 100, ruwa kashi 10 a shekara, tsawon shekara 3. A tsarin farko ruwanka 30 ne, za ka biya 130. A tsari na biyu ruwanka bai wuce 16 da 'yan kai ba, za ka biya 116 da ɗoriya. Dukkansu "kashi 10" aka ce maka fa. In ka juya lissafin, wancan kashi 10 na tsarin farko daidai yake da kusan kashi 18 a tsari na biyu. Kamfanin da na bi tsarin farko suke yi, kuma a takardar talla ba su rubuta haka ba, sai da na ce wa jami'in ya ɗauko kalkuleta ya ninka min biyan wata da adadin watanni ya haɗa da kafin alƙalami sannan lambar gaskiya ta fito. Bai yi musu ba, bai yi ƙarya ba, kawai dai in ba ka tambaya ba ba za a faɗa maka ba, kuma ni a wajena wannan ragi ne a mutuncin kamfani.

Ranar sa hannu kuwa ina nan ina kallon yadda ake yi wa mutane. Takardar yarjejeniya shafuka da yawa, rubutu ƙanana, jami'in ya riga ya sa alamar biro a duk inda za ka sa hannu, yana ɗaga shafi da hannu ɗaya yana nuna maka wurin da ɗan yatsa, "nan, sai nan, sai kuma nan", kafin ka karanta layi ɗaya ya juya. Wani bawan Allah da ke gabana ko minti biyar bai yi ba ya gama, hankalinsa na kan babur ɗin da ke waje ana cire masa leda. Ni na ce a ba ni kwafi in karanta tukuna, an ɗan ɓata rai amma an ba ni, kuma a ciki na ga abubuwan da ba a ambata da baki ba: kuɗin buɗe fayil da ake cirewa tun farko kuma ba a mayarwa, inshorar dole wadda su ne za su zaɓa maka kamfanin kuma a zuba kuɗinta cikin bashin har ita ma ta hau ruwa, kuɗin na'urar bin diddigi da aka liƙa wa babur ɗin, tarar jinkiri, sannan wata tara kuma in ka ce za ka biya bashin gaba ɗaya kafin lokaci. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ba ni haushi wallahi, mutum ya samu buɗi ya ce zai sauke nauyi da wuri sai a ce sai ya biya ladan hakan. Na yi ta jayayya a kanta har aka rage, wanda ya nuna min cewa abubuwan nan ana iya tattaunawa a kansu, ba wahayi ba ne.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa bashin babur ɗin lantarki ya bambanta da na babur mai shan fetur, don yawancin masu ba da shawara a nan suke tsallakewa. Batir. Batir shi ne abu mafi tsada a jikin babur ɗin, sau da yawa yana cin kusan kashi ɗaya bisa uku na farashin ko ma fiye, kuma shi abu ne mai ƙarewa, kowane caji da ka yi ka sauke yana rage masa kwana. To kana biyan bashi na shekara 3 a kan abin da zuciyarsa za ta iya mutuwa kafin shekara 3, shi ya sa tambaya ta farko da ya kamata mutum ya yi ba "nawa ne a wata" ba ce, tambayar ita ce wane irin batir ne kuma garantinsa ya kai ƙarshen bashin ko bai kai ba.

Batiran nan iri-iri ne. Akwai na dalma, irin tsohon yayi mai nauyi, shi ne mafi arha kuma shi ake sa wa ƙananan babura masu sauƙin kuɗi, amma yawanci cikakken caji 300 zuwa 500 yake ɗauka kafin ya gaji, kun ga wanda ke cinye caji guda kullum, kwana 365 a shekara, shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi batirin ya gama yawo. In bashinka na shekara 3 ne to rabin lokacin kana biyan kuɗin batirin da ya riga ya mutu, ga kuma kuɗin sabo da za ka nemo daga aljihu. Sai na litiyam, shi ma kashi biyu aka fi sani a babura, akwai NMC mai ɗaukar wuta da yawa a ƙaramin jiki, akwai LFP wanda ya ɗan fi nauyi amma ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, kuma yakan kai caji 2,000 ko fiye. Nawa LFP ne kuma da gangan na zaɓe shi duk da biyan watan ya ɗan ɗara, don na fi son in gama biya batirin na da sauran rai.

Garantin ma sai an karanta shi da kyau. Ana rubuta shekaru kaza ko kilomita kaza, duk wanda ya riga cika, to mai yawan zirga-zirga kilomitar ce za ta fara cika masa, yana ganin yana da sauran shekara ashe garantin ya ƙare tuni. Kuma ba wai da zarar batir ya fara rauni za a canza maka ba, yawanci sai ƙarfinsa ya sauka ƙasa da wani mataki, kashi 70 ko makamancin haka, kuma su ne za su auna da na'urarsu. In ka yi caji da cajar da ba tasu ba, ko ka kai wa wani makanike ya buɗe batirin, ko ruwa ya shige shi, garanti ya tashi. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne mai ba da bashi daban, mai ƙera babur daban. Ranar da batir ya samu matsala ka kai ƙara wajen masu bashin za su ce maka su kuɗi suka ba ka, ka je wajen dila, kuma biyan wata ba ya tsayawa don babur na kwance a garejin gyara. Nawa ya taɓa kwana biyu a wajen dila ana jiran wani ƙaramin kayan gyara na caja ya iso, ban hau ba amma ranar biya na zuwa aka cire kuɗinsu cif. Ban ce sun zalunce ni ba don haka yarjejeniyar ta ce, amma mai shirin shiga ya sani.

Akwai wani tsarin kuma da ke rage girman bashin, wato ka sayi babur ba tare da batir ba, batirin na kamfani ne, kana zuwa tasharsu ka ajiye wanda ya ƙare ka ɗauki mai cike cikin 'yan mintuna ka biya kuɗin wutar ko kuɗin wata. Gogoro suka shahara da shi a Taiwan tun 2015, a Afirka kuma akwai irinsu Ampersand da suka fara a Kigali ta Ruwanda da Spiro da ke aiki a ƙasashe da dama. Daɗinsa biyu ne, bashin da za ka ci ya ragu sosai tunda an cire kuɗin batir, sannan tsufan batir ba ciwon kanka ba ne. Amma fa ka ɗaure kanka da kamfani ɗaya, batirin wani ba ya shiga babur ɗinka, in sun ƙara kuɗin musanya ba ka da ta cewa, in babu tasharsu a hanyar da kake bi ka shiga uku, in kuma kamfanin ya durƙushe to babur ne a hannunka ba batir ga bashi a wuya. Ba tatsuniya ba ce, Better Place da suka yi irin wannan tsarin na musanya batir ga motoci a Isra'ila da Denmak sun karye a 2013. Ni inda nake babu tashoshin da za su ishe ni shi ya sa na ɗauki mai batir nasa, amma ga masu haya da babur da masu kai saƙo waɗanda ba su da lokacin zaman jiran caji na awa huɗu ko biyar, in tashoshin na kusa, ina ganin ya fi musu.

To shin da gaske abin da kake ragewa a kuɗin mai yana biyan bashin, kamar yadda masu talla ke cewa? Wannan ya danganta da yawan tafiyarka, kuma kowa zai iya lissafa nasa. Ka duba jikin batir za ka ga an rubuta bolt (V) da amfiya-awa (Ah), ka ninka su, misali 72 sau 30 ya ba ka 2,160, kowane 1,000 yunit ɗaya ne, wato yunit biyu da ɗan ɗori na wuta kenan a cikakken caji. Irin wannan a zahiri, da mutum a kai da hawa da sauka da tsayawa a cunkoso, abin da zai kai ka bai cika kai abin da aka rubuta a takarda ba, don su a shimfiɗaɗɗiyar hanya da gudu kaɗan suke gwadawa, in ka ɗauki goyo ko kaya kuwa sai ya ƙara raguwa. A taƙaice babur matsakaici yana cin yunit 3 zuwa 4 a kilomita 100, ƙaramin babur ɗin fetur kuma lita 2 zuwa 2 da rabi a wannan nisan. Ka sa farashin wuta da na fetur na inda kake ka ga bambancin, ka ƙara da cewa babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu kabureta, babu kuloci, abin da ya rage maka taya ne da birki. Ni kullum ina kan hanya saboda yanayin aikina, don haka abin da nake ragewa yana ɗauke kaso mai tsoka na biyan watan, ina ganinsa a aljihuna ba labari aka ba ni ba. Amma wanda daga gida sai wajen aiki na kusa sai ya dawo ya ajiye, gaskiya ragin ba zai kai ya rufe ruwan bashin ba, kuma shi batirin litiyam ko ba a hawa yana tsufa da shekaru, musamman in ana barinsa a zafin rana ko a bar shi a ƙare tsawon lokaci. Sannan in wutar lantarki ba ta tsayawa a wajenku har sai ka kunna janareta ka yi caji, to ka koma sayen fetur ta bayan gida, lissafin ya rushe.

Wani abin da ba a faɗa wa masu saye shi ne darajar babur ɗin in an zo sayarwa. Farashin batirin litiyam a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 daga 2010 zuwa 'yan shekarun nan, abin farin ciki ne, amma ma'anarsa ga mai bashi ita ce sabbin babura suna fitowa da batir mafi kyau a kuɗi mafi sauƙi, naka na hannu kuma mai saye tsoron batirinsa yake ji don ba ya iya gane lafiyarsa da ido. In ka ba da kafin alƙalami kaɗan ka ja bashin ya yi tsawo, akwai lokacin da abin da ake binka zai fi abin da babur ɗin zai yi a kasuwa, ko ka sayar ba ka fita ba. Shi ya sa ni shawarata kullum ita ce a daure a ba da kaso mai kauri tun farko, a gajarta watanni. A misalin nan namu na 100, shekara 2 za ka biya 120, biyan wata 5, shekara 4 kuwa za ka biya 140, biyan wata bai kai 3 ba, shi ya sa mai tsawon ke da daɗin ji a kunne kuma shi jami'an suka fi tura mutane gare shi. A ƙasashen da gwamnati ke ba da tallafi kuma sai a tabbatar an cire tallafin daga farashi kafin a lissafa bashin, kuma kar a ɗauka tallafi abu ne mai ɗorewa, a Indiya shirin tallafin sayen ababen hawa na lantarki mai suna FAME II da aka fara a 2019 an rage shi a watan Yunin 2023, iyakar tallafin ta sauko daga kashi 40 na farashin babur zuwa kashi 15, nan take farashi ya tashi.

Na'urar bin diddigin nan ita ma sai na yi magana a kanta don fuska biyu gare ta. In an sace babur tana taimakawa sosai, kana ganin inda yake a manhajar wayarka. Amma da ita ce kuma suke kashe babur ɗin daga ofis in ka yi jinkiri. Wata safiya na tura kuɗina a kan lokaci, matsalar sadarwa ta sa bai shiga wajensu ba, na fito da hular kwano a kaina na murɗa makulli, allon ya kawo wuta, batir na nuna cike, na murɗa hannu shiru, sai wata 'yar alamar kwaɗo ja tana ƙiftawa a gefe. Na kira layinsu ana ta sa min kiɗa, da aka ɗauka na tura hoton rasit, sai wajen azahar aka buɗe, aikin safiyar nan ya wuce ni kuma ko haƙuri na kirki ba a ba ni ba. Abin da na tambaye su shi ne me ya hana a yi wa mutum saƙon gargaɗi da 'yan kwanakin uzuri kafin a kulle, musamman wanda bai taɓa saɓa biya ba? Wanda da babur ɗin yake neman abin da zai biya ku, in kun kashe masa shi ta ina zai samo? Duk mai shirin karɓa ya nemi a rubuta masa kwanakin uzuri a yarjejeniya, da kuma tabbacin ba za a taɓa kashe babur yana cikin tafiya ba.

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan damuwarsu ba ma yawan ruwan ba ce, ruwan ne kansa ba sa so saboda addini, kuma abin a girmama ne. Akwai mafita a bankunan da ba sa harkar ruwa, wato murabaha, banki ya sayi babur ɗin ya zama nasa sannan ya sayar maka da riba sananniya da kuka amince a kai, ka biya kashi-kashi, kuma farashin ba ya ƙaruwa bayan an ƙulla. Akwai kuma ijara, kana biyan haya har a ƙarshe a mallaka maka. A ƙa'idojin AAOIFI, hukumar da ke Bahrain mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, wadda da yawa daga cikin irin waɗannan bankunan ke bi, tarar jinkiri ba ta shiga ribar banki, sadaka ake bayarwa da ita. Amma ko a nan ɗin ka nemi jimlar abin da za ka biya, don rashin ruwa ba ya nufin arha, wani lokacin jimlar takan zo kusa da ta sauran, kuma maganar batir da garanti tana nan yadda take.

Inshorar da suka haɗa ni da ita ma na bi diddigi, na gano ta rufe sata da haɗari amma sai da na matsa kafin aka nuna min a rubuce cewa batirin yana ciki, don wasu takardun suna ware shi, kuma ɓarawo in ya samu dama batirin yake cirewa ya bar maka gangar jiki. In babur ya salwanta gaba ɗaya kuma kuɗin inshorar wajen masu bashin yake fara zuwa, sai in akwai saura ka gani, in bai kai ba kai za ka cika.

Wa zan ce ya karɓa? Mai tafiya da yawa kullum, mai tabbacin wajen caji, mai kuɗin shiga da ba ya yankewa, wanda zai iya ajiye kafin alƙalami mai kyau ya ɗauki batirin litiyam da garantin da ya wuce tsawon bashin, wannan ina ba shi ƙwarin gwiwa ɗari bisa ɗari ko da a kamfanin nan da na bi ne, don duk da ƙorafina babur ɗin yana min aiki kuma ba su taɓa cire min abin da ba ya cikin takarda ba. Wanda kuma biyan watan zai cinye masa abin da iyali za su ci, ko za a ba shi batirin dalma a bashin shekara 3, ya haƙura ya ci gaba da tari tukuna. Kuma kar a manta da wanda ya tsaya maka, in ka gaza shi za a bi, ka gaya masa gaskiyar lamarin kafin ya sa hannu. Abu na ƙarshe da na sa aka ƙara min a takarda shi ne abin da zai faru ranar da na gama biya, wato cikin kwana nawa za a ba ni takardar shaidar kammalawa, a cire sunansu daga takardun babur, a ba ni makulli na biyu da suka riƙe, sannan a raba na'urar kullewar nan da ofishinsu, don in ba a rubuta ba sai ka gama biya ka koma kana bin su.